Darasi: Me ke hau da kuɗin esansi da gazwal, me ke saukar da shi?



Darasinmu na wannan karo a kan man inji ne. A zamanin iyayenmu manomin Adar bai damu da kuɗin mai ba. Jaki ke kai kaya kasuwa, guga ke fid da ruwa, turmi ke yin gari. Yau injin ban-ruwa na cikin garka, injin niƙa na bakin kasuwa, moto na ƙofar gida. Wanda ba shi da inji ma yana biyan kuɗin mai: cikin kuɗin niƙa, cikin kuɗin mota zuwa Tawa, cikin kuɗin buhun taki. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ke motsa farashin nan. Wanda ya sani ba a ruɗa shi da jita-jita, kuma yana iya shirya noman raninsa tun da wuri.

Ku karanta a hankali, ku da abokan karatunku. Ku aje takarda da alƙalami kusa, domin akwai lissafi.

1. Kalmomi da awo

Mai iri biyu za mu duba. Na ɗaya esansi, wanda a Najeriya ake kira fetur. Shi ne abincin moto, da ƙananan motoci, da yawancin ƙananan injunan ban-ruwa. Na biyu gazwal, wanda wasu ke kira gas ko dizal. Shi ne abincin manyan motocin kaya, da tarakta, da yawancin injunan niƙa, da manyan injunan ba da wuta.

Duka biyu daga ɗanyen mai ake samun su. Ɗanyen mai ruwa ne mai kauri da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Inji ba ya shan shi haka. Sai an kai shi matata an dafa shi da wuta mai ƙarfi, sannan ya rabu kashi-kashi: ga gas na girki, ga esansi, ga kananzir, ga gazwal.

Ɗanyen mai da ganga ake auna shi. Ganga ɗaya lita 159 ce. A kasuwar duniya da dalar Amurka ake sayen ganga. A nan sai a yi hattara: dalar Amurka daban, dalarmu ta kasuwa daban. Tamu tamma 5 ce ta sefa, kuma dala 200 ita ce jika ɗaya, wato tamma 1,000. A gidan mai da tamma ake rubuta farashi. In kuna son ku mai da shi dala, ku raba da 5. Misali, tamma 540 dala 108 ke nan.

2. Daga ina manmu yake fitowa?

Kafin ƙarshen 2011 Nijar ba ta tace mai. Duk abin da ake sha daga waje yake zuwa, ta tashoshin jiragen ruwa irin su Kwatano da Lome, da kuma ta Najeriya. A 1977 gwamnati ta kafa kamfanin SONIDEP domin ya riƙa sayo mai, ya aje, ya rarraba wa gidajen mai.

Ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ, arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100 na matatar, gwamnatin Nijar na da 40. Ɗanyen man daga rijiyoyin Agadem yake, cikin jihar Difa, kuma bututu mai tsawon fiye da kilomita 400 ke kawo shi. An gina matatar domin ta tace ganga 20,000 a rana. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Daga matata sai manyan tankoki su ɗauka. Wanda zai zo mana yana bin Maraɗi, da Madawa, da Galmi, da Malbaza, ya karkata arewa a Tsarnawa, ya wuce Badagishiri, ya iso Tawa. Tafiyar ta fi kilomita 500. Daga Tawa kuma, ko daga wani gidan mai na kusa, sai bido da kwalba su ƙarasa da shi ƙauyukanmu.

Akwai hanya ta biyu wadda kowa ya sani, ita ce ta iyaka. Shekaru da yawa esansin Najeriya yana tsallakowa ta wajen Ƙonni a ɓoye, cikin bido, a bayan moto ko cikin mota. Shi ne ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a bakin hanya. Doka ba ta yarda da wannan ciniki ba, amma ba a iya fahimtar farashin mai a Adar in ba a sa shi cikin lissafi ba.

3. Farashi uku ne

In an ce mai ya hau, ku tambaya: wanne? Domin farashin mai uku ne, kuma ba tare suke tafiya ba.

Na ɗaya: farashin ganga a kasuwar duniya. Wannan kamar kasuwar hatsi yake. In kaya sun yi yawa masu saye kaɗan, ya faɗi. In kaya sun yi ƙaranci ko ana tsoron yankewarsu, ya hau. Manyan ƙasashe masu mai sun kafa ƙungiyar OPEC a 1960, kuma sukan rage haƙowa ko su ƙara domin su juya farashi. Yaƙi ma yana motsa shi. A ƙarshen 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ganga ta tashi daga wajen dalar Amurka 3 zuwa wajen 12 cikin ƴan watanni. Tsofaffinmu na tuna wannan lokaci, domin ya zo daidai da babban farin da ya kashe dabbobi. A Yuli 2008 ganga ta kai dalar Amurka 147, kafin shekara ta ƙare ta faɗo ƙasa da 40. A Afrilu 2020, da cutar korona ta tsai da jirage da motoci, ta sauka ƙasa da 20. A Maris 2022, bayan Rasha ta shiga yaƙi da Yukiren, ta haura 120.

Darajar kuɗinmu ma na da hannu. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake sayowa daga ƙetare, har da mai, sai da aka ninka sefar da ake biya a kansa.

Na biyu: farashin gidan mai. A Nijar gwamnati ke yanke shi, mai gidan mai ba shi da ikon ƙarawa. Cikin kuɗin lita ɗaya akwai rabon matata, da na SONIDEP, da kuɗin ɗauko shi, da harajin gwamnati, da ribar kamfanin da ke rarrabawa, da ta mai gidan mai. Ana raba nauyin sufuri tsakanin jihohi yadda na nesa da matata ba zai biya fiye da na kusa ba. Tun da muka fara tace namu, wannan farashi yana daɗewa bai motsa ba.

Na uku: farashin kwalba a ƙauye. Wannan babu wanda ya yanke shi. Yana bin inda mai kwalba ya samo man, da wahalar da ya sha kafin ya kawo shi, da yawan masu nema a ranar. Shi ne ya fi rawa, kuma shi ne yawancinmu ke biya.

4. Yadda farashin gidan mai ya tafi

Ga kuɗin lita ɗaya a gidajen man Nijar, shekara da shekara.

Esansi:
Ƙarshen 2011: tamma 679, wato dala 135 da tamma 4.
Janairu 2012: tamma 579, wato dala 115 da tamma 4.
Janairu 2013: tamma 540, wato dala 108.
23 ga Yuli 2024: tamma 499, wato dala 100 ba tamma ɗaya.

Gazwal:
Har zuwa Yuli 2022: tamma 538, wato dala 107 da tamma 3.
1 ga Agusta 2022: tamma 668, wato dala 133 da tamma 3.
23 ga Yuli 2024: tamma 618, wato dala 123 da tamma 3.

Ku dubi jerin nan da kyau. Daga 2013 zuwa 2024 esansi yana kan dala 108, fiye da shekara 11. Cikin waɗannan shekaru ganga ta faɗi ƙasa da dalar Amurka 20, ta kuma haura 120, amma allon gidan mai bai canza ba. Da ganga ta yi arha ba mu ga ragi ba, da ta yi tsada ba mu ga ƙari ba. To in kun ji a rediyo cewa ganga ta hau a duniya, kada ku yarda wani ya ce muku gidan mai ya ƙara kuɗi a ranar. Sai gwamnati ta ba da sanarwa. In za ku yi lissafin bana, ku duba abin da ke rubuce a jikin famfon gidan mai, ku yi aiki da shi.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa gazwal ya hau a 2022? Me ya sa aka rasa esansi a 2025 bayan an rage kuɗinsa? Amsar tana bakin iyaka.

5. Mai yana bin inda ya fi tsada

Kun san halin hatsi: in tiya ta fi tsada a Tawa bisa Bambeye, jakuna da motoci Tawa za su nufa. Haka mai yake. Yana barin inda yake da arha ya tafi inda ya fi daraja, ko da akwai iyaka a tsakani. Abubuwa uku da suka faru sun nuna haka.

A 2022 gazwal ya yi tsada ƙwarai a duniya. A Najeriya da sauran maƙwabta kuɗinsa ya hau, domin can yana bin kasuwa. A Nijar yana nan kan tamma 538. Sai gazwal ɗinmu ya riƙa tsallakawa waje, motocin maƙwabta kuma suna cika tankinsu a nan. Aka shiga dogayen layuka a gidajen mai. Gwamnati ta dakatar da fitar da shi, daga baya ta ƙara tamma 130 a kan lita, wato dala 26, domin a rage tazarar da ke tsakaninmu da maƙwabta.

A 2023 abin ya juya ta wajen esansi. Tun shekarun 1970 gwamnatin Najeriya ke biyan wani kashi na kuɗin fetur domin jama'arta su saya da arha. Wannan shi ake kira tallafi. Arhar nan ita ce uwar cinikin ruwa-ruwa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta koma wajen 500 cikin ƴan kwanaki, ta wuce 600 a Yuli, ta kuma haura naira 1,000 a Oktoba 2024. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka rufe iyaka wata da watanni, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, injunan ba da wuta suka ƙara shan mai. Duk wannan ya taɓa kuɗin kwalba.

Canjin naira ma yana ciki. Ga misali domin a gane. A ce lita naira 200 ce, kuma jika ɗaya tana ba ka naira 1,000. Lita ta kama dala 40 ke nan, akwai riba mai yawa ga mai tsallako da ita. A ce kuma lita ta zama naira 1,000, jika tana ba ka naira 2,500. Lita ta kama dala 80 tun kafin a biya ɗauko. In naira ta ƙara ƙarfi har jika ta koma naira 2,000, lita ta kama dala 100, daidai da gidan mai, riba ta ƙare. Shi ya sa ɗan ruwa-ruwa ke tambayar canji kowace safiya.

A Maris 2025 aka ga ƙarshen abin. Da esansin iyaka ya ragu, masu saye suka koma gidajen mai gaba ɗaya, ga shi an rage kuɗi a Yuli 2024. Matatar da aka gina domin ganga 20,000 a rana ba ta iya ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai ba. SONIDEP ta bayyana cewa a da man iyaka yana rufe kusan rabin abin da ƙasa ke sha. Gidajen mai suka bushe a garuruwa da dama, aka yi layuka, kuɗin kwalba ya hau, sai da aka nemo ƙarin mai daga Najeriya. Farashin allo bai motsa ba, amma man ne babu. Wannan ya faɗo a watan da albasa ke kan ruwanta na ƙarshe.

Wani zai ce: ai mun ji Nijar na fitar da mai waje, yaya za a rasa shi a gida? Gaskiya ne. Akwai bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme, bakin teku a ƙasar Benin, kuma jirgin farko ya yi lodi a Mayu 2024. Amma ɗanye ne ake turawa can. Yana kawo wa baitulmali kuɗi, ba ya ƙara lita a famfon Tawa. Komai yawan ruwan rijiya, abin da guga ya ɗauka shi ke fitowa. Matata ita ce gugar.

Ban da iyaka, lokaci ma yana motsa kuɗin kwalba. Da rani injunan garka sun tashi gaba ɗaya, masu nema sun yi yawa. Da damina ƙorama kan yanke hanya, mai kawowa ya sha wuya. Ranar kasuwa da lokacin salla moto ba ya hutawa. Ku lura da waɗannan lokuta a garinku, ku rubuta.

6. Mu yi lissafi

Adadin da ke ƙasa misalai ne. Kowa ya sa nasa a madadinsu.

Misali na ɗaya: mai garkar albasa. A ce yana ban-ruwa sau 2 a mako, har mako 16. Sau 32 ke nan. Kowane ban-ruwa injinsa yana shan lita 3. Lita 3 sau 32 ya ba da lita 96. In ya saya a kan tamma 499, ya kashe kusan jika 48. In a kwalba ya saya a kan dala 150, ya kashe jika 72. Bambancin jika 24 ne. In ya samu buhu 30, kowane buhu ya sha man dala 320 a lissafin farko, dala 480 a na biyu. Manomin da bai san wannan adadi ba yana iya sayar da buhu yana murna, alhali da kyar ya mai da kuɗinsa.

Yanzu ku dubi wannan. Ragin da aka yi a Yuli 2024 tamma 41 ne a lita. A kan lita 96 ya kama kusan jika 4. Amma in manomin nan ya gyara injinsa, ya toshe yoyon tiyo, har ban-ruwa ya koma shan lita 2 da rabi, zai sha lita 80 maimakon 96. Lita 16 ta ragu, wato kusan jika 8. Gyaran da ya yi da hannunsa ya ninka ragin gwamnati.

Misali na biyu: injin niƙa. A ce yana shan gazwal lita 5 a wuni, yana niƙa tiya 100. Ƙarin 2022 tamma 130 ne a lita. Lita 5 ta ba da tamma 650. In an raba da tiya 100, kowace tiya ta ɗauki tamma 6 da rabi, wato dala ɗaya da ɗan ƙari. To in an ƙara dala 5 a kan tiya aka ce saboda mai ne, mata na da abin tambaya. Mai inji shi ma yana da nasa bayani: bel, da man juye, da fiƙe haƙoran inji duk kuɗi ne. Amma a zauna a yi maganar da lissafi a hannu, ta fi gardama.

Misali na uku: motar kaya. A ce tana shan lita 40 a kilomita 100, za ta yi tafiyar kilomita 130, kamar daga Tawa zuwa Ƙonni. Lita 52 ke nan. Ƙarin tamma 130 ya kama tamma 6,760. In buhu 200 ta ɗauka, kowane buhu ya ɗauki kusan dala 7. In za ta komo babu kaya, a ninka, dala 14. Wakilin ƙungiyar da ya san haka zai iya ciniki da direba ba tare da an cuci kowa ba.

7. Abin da ke hannunmu

Ba mu ke yanke kuɗin ganga ba, ba mu ke rubuta allon gidan mai ba. Yawan litar da muke ƙonawa kuwa, da lokacin da muke saye, da awon da ake yi mana, duk suna hannunmu.

Ku rubuta. Kowane mai inji ya samu ɗan littafi. Ranar da ya sayi mai ya rubuta kwanan wata, da yawan lita, da kuɗi. Bayan rani ɗaya zai san abin da garkarsa ke sha, ba sai ya yi ƙiyasi ba.

Ku auna kwalba. Ba kowace kwalba ke cin lita ba. Ƙungiya ta aje mudun lita ɗaya na gaskiya, a riƙa gwadawa. Ku kuma dubi man a haske. In akwai ruwa a gindin kwalba, ko datti, ko warin kananzir, ku bar shi. Araha ba ta ado: gurɓataccen mai yana kashe inji a tsakiyar aiki.

Ku kula da inji. Ƙurar rani tana toshe matatar iska, inji ya ƙara shan mai ya rage ƙarfi. A riƙa wanke ta. A canza man juye a kan lokaci, a duba fulogi. A aje inji kusa da ruwa yadda ya yiwu, domin jan ruwa daga nesa ko daga zurfi yana cin mai.

Ku kula da ruwa. Duk ruwan da ya zube a hanya mai ne ya zube. A ɗaure mahaɗar tiyo, a liƙe huji. A daidaita fangali yadda ruwa zai bazu ba tare da ya taru gefe ɗaya ba. A yi ban-ruwa da sassafe ko da marece, rana ba ta shanye shi. Inda akwai hali, bututun roba da ake binnewa cikin ƙasa ya fi doguwar hanyar ruwa ta yashi.

Ku shuka daidai da ƙarfinku. Kafin a dasa, a lissafa man rani duka, a ƙara wani abu saboda tsadar da ka iya zuwa. Fangali 50 da suka sha ruwa har ƙarshe sun fi 100 da aka bari da ƙishi saura mako uku a cire.

Ku haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum goma sun haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya sayo musu a gidan mai, kuɗin tafiya ya rabu goma. Amma akwai lokutan da hukuma ke taƙaita sayar da mai cikin bido. Shugabannin ƙungiya su fara tuntuɓar magajin gari da malamin gona, su san ƙa'ida kafin su tashi. Haka nan a wajen kai kaya kasuwa: mota ɗaya cike ta fi uku rabi-rabi, kuma tafiyar kusa amalanke ya isa.

Ku duba wasu hanyoyi. A wurare da dama manoma sun mai da injinsu mai aiki da gas na girki, wasu sun sa famfo mai aiki da hasken rana. Na rana yana da tsada ranar saye, amma ba ya neman mai. Kafin ku sa kuɗi, ku gwada kuɗinsa da man da littafinku ya nuna kuna sha a shekara, ku tambayi zurfin da yake iya jan ruwa, ku san wanda zai gyara shi in ya lalace. Mai da inji na gas kuma aikin gwani ne, kada a yi shi da ka.

Kada ku sayar duka ranar cira. Albasa ta fi arha a watannin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke cirewa. Wanda bashin mai bai shaƙe shi ba yana iya aje wani kashi a rudu har kasuwa ta gyaru.

8. Hattara da wuta

Tsoron tsada kan sa mutum ya tara mai a gida. Wannan hatsari ne babba. Tururin esansi yana kama wuta ko da harshen wuta bai taɓa bidon ba. Kada a aje shi a ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko kusa da rumbu da tarin kara. A aje shi a inuwa, a rufe, nesa da yara. Kada a zuba wa inji mai yana aiki ko yana da zafi, kada a sha taba a wurin. Kada a zuba mai a kwalbar da yaro zai ɗauka abin sha ne.

In tankin mai ya faɗi a hanya, ku nisance shi, ku hana yara. A Mayu 2019 wani tanki ya kife a Yamai kusa da filin jirgi, mutane suka taru ɗiba, ya kama wuta, fiye da mutum 50 suka rasu. A Oktoba 2024 irin haka ta faru a Majiya cikin jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

9. Tambayoyi domin zaman ƙungiya

Ɗaya. Mene ne bambanci tsakanin farashin ganga, da na gidan mai, da na kwalba? Wanne gwamnati ke yankewa?

Biyu. Me ya sa gazwal ɗinmu ya riƙa fita waje a 2022? Me ya sa esansin iyaka ya ragu bayan 2023?

Uku. Ɗan kabu-kabu yana shan lita 2 a rana. Cikin kwana 30, nawa ya rage masa da lita ta sauko daga tamma 540 zuwa 499?

Huɗu. Wata kwalba tana cin kashi uku cikin huɗu na lita, ana sayar da ita dala 90. Nawa cikakkiyar lita ta kama?

Biyar. A garinku, a wane wata kwalba ta fi tsada bara? Me ya jawo haka? Me ƙungiyarku za ta shirya bana kafin watan ya zo?

Amsar ta uku: lita 60 sau tamma 41, ya ba da tamma 2,460, wato dala 492. Amsar ta huɗu: dala 120.

Amsar ta biyar tana wurinku. Ku tattauna, sakataren ƙungiya ya rubuta abin da kuka tsayar, a ba malamin gona ko a aiko gidan rediyo, domin sauran ƙauyukan Adar su ji su ƙaru. Wanda ya karanta wannan darasi kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da bai samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Mu kwana nan. A yi aiki lafiya.